WA ZAI CI MADATSAR HOOVER? Gardamar Dabarun Yaƙi A Wasan Fallout: New Vegas

TUN cikin watan Oktoba na 2010 da aka fito da wani wasan kwamfuta mai suna Fallout: New Vegas, masu buga shi a ƙasashe dabam-dabam suke gardama a kan tambaya guda. Tambayar ita ce, in da za a zare hannun ɗan wasa, a bar rundunonin da ke cikin labarin su kara da juna su kaɗai, wace ce za ta ci madatsar ruwa ta Hoover? Kamfanin Obsidian Entertainment na Amurka ne ya shirya wasan, kamfanin Bethesda kuma ya fitar da shi kasuwa. Ko da yake labarin ƙage ne, wuraren da aka girka shi a kai na gaske ne, dabarun yaƙin da ke ciki kuwa tsofaffi ne waɗanda sojojin duniya suka daɗe da sani.

Labarin ya ce ran 23 ga Oktoba, 2077, Amurka da Sin suka yi wa juna ruwan makaman ƙare dangi, cikin sa'a biyu duniya ta zama kufai. Wasan ya soma ne a 2281, watau shekara 204 bayan wannan masifa, sa'ad da zuriyar waɗanda suka tsira suka sake kafa dauloli, suka kuma koma halin kakanninsu na neman abin da ke hannun wani.

ABIN DA AKE FAƊA A KANSA

Madatsar Hoover tana nan a zahiri a kan kogin Kolorado, a iyakar jihohin Nebada da Arizona, kimanin mil 30 daga birnin Las Vegas. An gina ta tsakanin 1931 da 1936, tsayinta mita 221, kuma wutar lantarkin da aka tsara ta bayar ta ninka ta Kainji fiye da sau biyu. A cikin labarin wasan bama-bamai ba su rushe ta ba. Saboda haka a tsakiyar hamadar Mojave ga ruwan sha mai tsabta, ga kuma wuta, abu biyu da kowace daula ke nema ruwa a jallo.

Daga yamma akwai Sabuwar Jamhuriyar Kalifoniya, wadda aka kafa a 2189 da hedkwata a garin Shady Sands. Tana da shugaban ƙasa zaɓaɓɓe, Aaron Kimball, da majalisa, da haraji, da sojoji maza da mata masu kaki da bindiga. Ita ce ke riƙe da madatsar. Daga gabas kuwa akwai Rundunar Kaisar. Mai ita sunansa na yanka Edward Sallow, ɗan boko ne da ya karanta littattafan tarihin Rumawa, ya laƙaba wa kansa suna Kaisar, ya ci ƙabilu 86 da yaƙi, ya shafe musu suna da al'ada, ya mai da mazansu mayaƙa, matansu bayi. Na uku shi ne Mista Robert House, attajirin da ya rayu tun kafin yaƙin, na'ura ke riƙe da ransa, yana mulkin tsakiyar birnin New Vegas da sojojin mutum-mutumi na ƙarfe. Bisa ga yarjejeniyar da ya ƙulla da Jamhuriya a 2274, ita ke kwasar kashi 95 cikin 100 na wutar madatsar, shi kuma 5.

DARASIN KARON FARKO

Duk mai son hasashen karo na biyu tilas ya fara duba na farko, wanda aka yi a 2277. Al'adar Rundunar Kaisar ita ce jera mayaƙa sahu uku irin na Rumawa. Sababbin shiga ne a gaba don su shanye harsashin abokan gaba, na tsaka-tsaki su biyo, sa'an nan tsofaffin hannu su zo su ƙarasa aiki. Sarkin yaƙin Kaisar na lokacin, Joshua Graham, jarumi ne amma ba mai dabara ba. Shugaban 'yan sintirin jeji na Jamhuriya, wani dattijo mai suna Hanlon, shi ya gano lagonsu. Ya girke gwanayen harbi daga nesa a kan tudu, suka yi ta tsince hafsoshin Kaisar ɗaya bayan ɗaya. Da Graham ya fusata ya saki zaratan mayaƙansa, sai 'yan sintirin suka yi kamar sun karaya, suka ja su har cikin garin Boulder City, alhali kuwa an riga an shimfiɗe garin da nakiya. Suna shiga aka tayar da shi. Sauran da suka rage, ba mai ba su umurni, sojojin Janar Lee Oliver suka fatattake su.

Hukuncin da Kaisar ya yanke wa Graham ya nuna irin mulkinsa. Ya sa aka shafe shi da kwalta, aka cinna masa wuta, aka jefa shi kwazazzabon Grand Canyon.

HUJJAR MASU CEWA KAISAR NE

Masu ganin Kaisar zai yi nasara suna cewa ya koyi darasi, Janar Oliver kuwa bai koyi kome ba. Shekara huɗu Kaisar ya yi yana zaune a kan tudun da ke tsallaken kogi yana yaƙin sunƙuru. Mutanensa sun ƙone garin Nipton, sun watsa gubar nukiliya a sansanin Searchlight har ya gagari zama, sun ƙwace Nelson, sun kafa mashigi a Cottonwood Cove a gaɓar yamma. Shugaban 'yan leƙen asirinsa, Vulpes Inculta, ya dasa mutane ko'ina, har wani kyaftin a babban sansanin McCarran ɗan leƙen asirin Kaisar ne, wanda ya shirya dasa bam a jirgin dogon da ke kai soja cikin birni. An ƙulla ƙawance da ƙabilar Great Khans, an haɗa baki da masu wani gidan caca a birnin don su tayar da hargitsi ranar yaƙi, an kuma nemo igwa don a rufe bakin maharban da suka yi ɓarna a karon farko. Daɗin daɗawa, sabon sarkin yaƙi, Lanius, ba ya nufin ya bi ta kan gadar madatsar kaɗai. Zai turo mayaƙa ta ramukan ƙarƙashi su ɓulla cikin ɗakunan injuna, inda wuri ya ƙuntata, adda da mashi suka fi doguwar bindiga amfani.

Janar Oliver kuwa ya tara ƙarfinsa wuri guda yana jiran babban karo wanda zai ɗaga sunansa, har wasu suka yi masa laƙabi da Janar mai jiran gani. Sansanonin da ke bakin kogi ya bar su ba isassun mutane, ba magani, ba harsashi. Da yawan sojojinsa samari ne da aka ɗebo aka yi wa horo na ɗan lokaci, ba su san dalilin da ya kawo su hamada ba. Zaratan da ya kamata a turo an tsare da dama a gida suna gadin garken manyan masu shanu, waɗanda ke da faɗa a ji a majalisa. Abin ya kai har Hanlon da kansa, gwarzon karon farko, ya shiga ɓata rahotannin da ke zuwa daga fagen fama don jama'ar Kalifoniya su firgita su nemi a janye.

DOGUWAR HANYA

Babbar cutar Jamhuriya ita ce nisa. Abinci da makamai da albashi duk sai sun biyo hanya guda mai lamba 15, wadda ta ratso hamada daga Kalifoniya, domin ɗaya hanyar ta arewa ta riga ta lalace. Duk wanda ya taɓa dakon kaya a doguwar hanya ya san gada ɗaya in ta karye, kasuwar da ke can ƙarshe ita ke kwana da yunwa. A cikin wasan fursunonin da aka kawo aikin hanyar jirgi sun yi tawaye sun tsare hanya da nakiya, miyagun namun daji sun mamaye ma'aikatar fasa dutse kusa da Sloan, ayarin fatake kuma sun yi cirko-cirko a kan iyaka suna jiran takarda. Kuɗin Jamhuriya ma sun faɗi. Takardar dala 100 ba ta wuce marfin kwalba 40 ba, wanda shi ne kuɗin hamada, alhali Kaisar da azurfa da zinariya yake ciniki, fatake kuma suna shaidar ba ɗan fashin da ke taɓa ayari a ƙasarsa.

Sa'an nan ga batun 'yan ƙasa. Jamhuriya baƙuwa ce a Mojave. Ta zo da haraji da iyakoki, kuma a 2278 sojojinta suka buɗe wuta a Bitter Springs suka kashe mata da yara da tsofaffin Great Khans. Baƙon da bai sami zuciyar masu gari ba, ko hanya ya tambaya sai a nuna masa ta daji.

HUJJAR MASU CEWA JAMHURIYA CE

Ɗaya ɓangaren ba su musa wannan duka ba, sai dai suna cewa ganin Dala ba shiga birni ba ne. Kaisar yana fama da ƙari a ƙwaƙwalwa, rundunarsa kuwa ta haramta magungunan zamani, ba ta da likitan da zai yi masa aiki. Ba majalisa, ba tsarin gado, ba wata doka sai bakinsa. Mutane da dama a cikin labarin, har da Graham wanda ya tsira daga wutar, suna ganin ranar da Kaisar ya mutu rundunar za ta fara cin kanta. Lanius ya iya yanka, amma bai iya mulki ba. Jamhuriya kuwa in an harbe Kimball, wani za a rantsar, ma'aikatu su ci gaba da aiki, a kuma sake ɗebo soja. Za ta iya shan kashi sau biyu ta tashi. Kaisar sau ɗaya zai sha.

Bugu da ƙari, cutar nisa ba ta san tuta ba. Da zarar Kaisar ya haye kogi ya nufi Kalifoniya, doguwar hanyar da ta gajiyar da Jamhuriya ita za ta koma wuyansa. Rundunarsa da ganima take rayuwa, ba ta saba ciyar da birane ko gyaran injin lantarki ba. Masu shirya wasan da kansu sun ba wannan hujja ƙarfi, gama a ƙarshen labari ɗan wasa mai iya magana zai iya juyar da Lanius ba tare da zare makami ba, ta hanyar nuna masa cewa yamma ta fi ƙarfin riƙonsa, kuma in ya kwashe mayaƙa ya kai can, gabas za ta suɓuce masa. Lanius ya san gaskiyar haka, don ya taɓa ɗanɗana ƙarancin guzuri a yaƙin da ya yi a Denver. Taura biyu ba ta taunuwa.

GARDI DA KARƁE KUƊI

Wanda ya fi kowa fahimtar wannan lissafi shi ne Mista House. Bai son Kaisar ya ci, don zai rasa birninsa. Bai kuma son Jamhuriya ta huta, don ranar da ta huta shi za ta haɗiye. Saboda haka ya bar su suna zubar da jinin juna, sojojin Jamhuriya kuma suna zubar da albashinsu a gidajen cacarsa. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi. A ƙarƙashin tudun da Kaisar ya kafa sansani akwai rumbun sojojin ƙarfe na House suna kwance, abin da zai tashe su kuwa wani ɗan faifai ne mai kamar kwabo, wanda aka ba masinja ya kawo aka harbe shi a hanya. Wannan masinja shi ne ɗan wasa. Raunin House a nan yake, domin duk shirinsa na shekara 200 ya rataya ne a kan saƙo guda da amanar mutum guda.

Akwai kuma ƙananan ƙungiyoyi masu iya karkata ma'auni. Mutanen tsohon sansanin jiragen sama na Nellis suna da manyan igwa, kuma in an taimake su za su tsamo jirgin yaƙi samfurin B-29 daga tafkin Mead. Wannan ma yana da tushe, don a 1948 irin wannan jirgi ya faɗa tafkin da gaske.

INDA MA'AUNI YA KARKATA

In aka auna hujjojin, abin da ya fi kama da gaskiya shi ne, ba tare da masinja ba Kaisar ya fi kusa da cin madatsar a ranar karo, domin ya fi shiri, ya fi sanin sirrin abokin gabarsa, kuma zai kai hari wurare da yawa a lokaci guda. Amma riƙe ta shekara biyar wani abu ne dabam, kuma nan ne rundunar da aka gina a kan mutum ɗaya mai ciwo za ta gaza. Wasan ya ba da ƙarshe iri huɗu: na Jamhuriya, na Kaisar, na House, da na masinja in ya kori kowa ya riƙe birnin da kansa.

Wasan kwaikwayon talabijin na Fallout, wanda kamfanin Amazon ya fara nunawa a watan Afrilu na 2024, ya ƙara wa gardamar itace. Labarinsa yana faruwa a 2296, kuma ya nuna Shady Sands ta zama rami, bam ɗin nukiliya ya tashe ta bayan abubuwan da suka auku a New Vegas. Ba Kaisar ne ya jefa ba, wani jami'in tsohon kamfanin Vault-Tec ne. Watau yayin da hankalin Janar Oliver da Shugaba Kimball ya tattara a kan tsallaken kogin Kolorado, abin da ya karya Jamhuriya a bayan gidanta yake zaune.