Wasan Ban Dariya na Talabijin da Sha'awar Kimiyya

Makasudin wannan takarda shi ne mu duba yadda wasan ban dariya na talabijin kan jawo hankalin 'yan kallo zuwa ga kimiyya, fannin da ɗalibai da yawa ke gudu tun daga sakandare. Misalin da muka ɗauka shi ne The Big Bang Theory, wanda gidan talabijin na CBS a Amurka ya nuna daga shekarar 2007 zuwa 2019, kashi 279.

Taurarin wasan samari huɗu ne ma'aikatan jami'a a Kalifoniya, uku masana fiziks, ɗaya injiniya. Masu shirya shi ba su yi wa ilmin riƙon sakainar kashi ba, domin sun ɗauko David Saltzberg, shehun malamin fiziks a jami'ar UCLA, yana duba rubutun wasan, yana kuma tsara lissafin da ake gani a allunan ɗakin samarin. Stephen Hawking da kansa ya fito a ciki a 2012. Ɗan kallo ya zo ne don ya yi dariya, ba ya cikin fargabar jarrabawa, sai kalmomin kimiyya su riƙa shiga kunnensa mako bayan mako har ya saba da su. Watau dai raha ta rage wa fannin kwarjini.

To amma shin sabo da kalmomi shi ne sha'awar ilmi? A 2011 jaridu a Ingila sun danganta ƙaruwar masu karatun fiziks da wannan wasa. Mu dai muna ɗari-ɗari da wannan hukunci, domin a waɗannan shekaru ne aka kunna babbar na'urar karo da ƙwayoyin zarra ta CERN, a 2008, sa'an nan shirye-shiryen Brian Cox na BBC a kan sararin samaniya suka yi tashe daga 2010. Idan dalilai suka taru haka, da wuya a ware rabon kowanne.

Akwai kuma wani hanzari. Yawancin dariyar a kan masanan ake yinta: an nuna su ba su iya zama da mutane ba, ba su iya zance da mata ba. Yaron da ke da kaifin ƙwaƙwalwa yana iya ganin haka ya ja da baya, don kada a mai da shi abin ba'a. Mata masana kuwa, Bernadette da Amy, sai a zango na uku suka shigo, kuma Mayim Bialik da ta fito a matsayin Amy tana da digirin digirgir na gaske a ilmin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi.