Doguwar Tafiya Don Jinyar Yara

A ƙauye, in kun ga mutum ya kama doguwar tafiya a ƙasa, kun san akwai inda za shi: kasuwa, ko gona, ko gaisuwar mutuwa. Amma a wasu ƙasashe akwai masu yin tafiya mai wuya, ko gudu, ko hawan keke na kwanaki, ba don su isa wani gari ba. Suna yi ne don tara kuɗin jinyar yaran da ke kwance a asibiti. Ga yadda abin yake, da abin da za ku kiyaye in kuna so ku gwada.

Yaya tafiya ke zama kuɗi?

Mutum zai zaɓi abin da zai ba jikinsa wuya sosai. Sai ya gaya wa dangi, da maƙwabta, da abokan aiki: "Zan yi tafiyar kilomita kaza saboda yaran asibiti kaza. Me za ku ba da?" Wani ya ba da nasa nan take. Wani kuma ya yi alkawarin biya a kan kowane kilomita.

A misali, in mutum ya yi alkawarin dala 20 a kan kowane kilomita, aka yi kilomita 10, zai ba da jikka guda ke nan. In mutum 100 suka yi irin wannan alkawari, an sami jikka 100. Ba wanda ya ba da abin da ya fi ƙarfinsa, amma ga kuɗi sun taru. Kamar gayya ce: kowa da fartanyarsa, kafin azahar an gama gonar da mutum ɗaya zai yi kwanaki a cikinta.

Yaro mai ƙafafun roba

A ƙasar Ingila akwai wani yaro, Tony Hudgell. An yi masa mummunan rauni tun yana jariri. Likitocin asibitin yara na Evelina, a birnin Landan, suka ceci ransa, amma daga baya sai da aka yanke masa ƙafafu biyu.

A shekarar 2020, lokacin annobar korona, ya ga wani tsohon soja mai suna Tom Moore yana kewaya lambun gidansa da abin dogarawa. Tsohon ya yi alkawarin kewaye 100 kafin ya cika shekara 100, ya kuma tara wa ma'aikatan lafiya da majinyata fiye da fam miliyan 30. Tony yana da shekara 5 a lokacin, yana koyon tafiya da ƙafafun roba da sanduna. Ya ce shi ma zai yi kilomita 10 cikin watan Yuni, kaɗan-kaɗan kowace rana, don asibitin da ya yi jinyarsa. Fam 500 ake fatan samu. Abin da aka tara ya wuce fam miliyan guda.

A Amurka kuma, a birnin Memfis, akwai asibitin yara na St. Jude da aka buɗe a 1962, inda ake jinyar masu ciwon daji. Ba a karɓar kuɗin magani, ko na masauki, ko na abinci daga iyaye. Gudummawar jama'a ce babban abin da ke riƙe da shi. Kowane watan Disamba dubban mutane sukan yi tsere a birnin don tara masa kuɗi. Mafi tsawon tseren kilomita 42 ne da ɗoriya, tafiyar da za ta ci wa mai tafiya a ƙasa fiye da awa 8 ba hutawa.

Me ya sa sai an sha wuya?

Kuna iya cewa, ai da sai a roƙi kuɗin kawai. Amma yaron da ke kwance a ɗakin jinya ba wanda ke ganinsa sai uwarsa da ma'aikata. Mai tafiya a kan hanya kuwa kowa na ganinsa, kowa zai tambayi dalili. Da haka labarin yaron ke fita waje. Kuma in mutane sun ga ka sa jikinka, sun san da gaske kake. Kai ma ba ka fito da ƙoƙon bara ba, aiki ka yi.

Jinyar yaro tana cin kuɗi. Wanda zazzaɓin cizon sauro ya shanye wa jini yana bukatar ƙarin jini da aka gwada. Mai ciwon haƙarƙari yana bukatar iskar numfashi. Mai tamowa yana bukatar madara ta musamman da makonni na kulawa. Ga man janareta, ga albashin masu gadin dare a ɗakin jinya.

In kuna so ku gwada

Matasan unguwa ko na majami'a suna iya shirya irin wannan. Amma zafin ƙasarmu ba na Ingila ba ne. Kada a je taimakon majinyaci a koma majinyaci.

1. Mai hawan jini, ko ciwon zuciya, ko ciwon sukari, ko amosanin jini, da mace mai ciki, da wanda bai daɗe da tashi daga zazzaɓi ba, su fara ganin likita.
2. A saba wa jiki sannu a hankali, makonni kafin ranar.
3. A zaɓi lokacin sanyi, ba bazara ba. A fita da asuba, a tsaya kafin rana ta take.
4. A riƙa shan ruwa mai tsabta a hanya. In fitsari ya yi kaɗan, ya yi ja, ruwan jiki ya ragu. In an yi gumi sosai, a sha ruwan gishiri da sukari: lita guda ta ruwa, ƙaramin cokali 6 na sukari, da rabin ƙaramin cokali na gishiri.
5. Kada a sha taramol ko wata ƙwaya don kashe gajiya. Tana ɓoye gargaɗin da jiki ke bayarwa, tana kuma iya jawo farfaɗiya.
6. Wanda ya ji jiri, ko amai, ko ciwon ƙirji, ya tsaya nan take. In jikin mutum ya yi zafi ƙwarai, yana sambatu ko ya suma, a kai shi inuwa, a jiƙa shi da ruwa, a yi masa fifita, a garzaya da shi asibiti.
7. Kada a tilasta wa yaro. Ku tuna Tony ya raba tafiyarsa cikin wata guda ne.

Kuɗin amana ne

Kafin a fara, a je a yi magana da shugabannin asibitin, a ji abin da suka fi bukata. A rubuta kowace gudummawa a littafi. Mutum biyu ko uku su ƙidaya tare. A miƙa kuɗin gaban shaidu, a karɓi takarda, a karanta wa jama'a. In aka ci amana sau ɗaya, ba mai sake bayarwa, kuma yara ne za su yi asara.

Wanda ba ya iya doguwar tafiya, yana iya ɗaukar ruwa ga masu tafiya, ko ya ba da jini in an nema. Ku iyaye kuma, in yaro ya yi zazzaɓi, ko saurin numfashi, ko ya ƙi nono, ku kawo shi tun ranar farko. Jinyar da aka fara da wuri ta fi sauƙi, ta fi araha, kuma abin da aka tara zai isa yara da yawa.