Na'urar Gwajin Nono da Lantarki: Abin da Ya Kamata Mu Sani

Ciwon daji na nono, wanda ake kira sankarar mama, yana cinye rayukan iyayenmu mata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 an sami mata wajen miliyan 2.3 da wannan cuta, kuma kimanin 670,000 suka rasu. Da yawa sukan je asibiti bayan ciwon ya riga ya yi nisa.

Akwai wata hanyar gwaji da ke amfani da lantarki. Jikin mutum yana da ruwa da gishiri, shi ya sa lantarki yake iya ratsa shi. Naman da daji ya kama yakan tara ruwa da jijiyoyin jini fiye da lafiyayyen nama, don haka lantarki yakan bi ta cikinsa da sauƙi. Wannan bambanci ne na'urar take aunawa.

Ɗaya daga cikin irin waɗannan na'urori ita ce T-Scan 2000, wadda aka ƙera a Isra'ila. Mace takan riƙe ɗan sandan ƙarfe a hannu, a saki lantarki kaɗan, kamar ƙarfin batirin tocila. Sai a ɗora abin awo a kan nonon, hoto ya fito a kwamfuta. Inda lantarki ya wuce da sauƙi yakan fito da haske. Ba zafi, ba allura, ba a matse nono.

Amma na'urar tana da iyakarta. A 1999 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yarda a yi amfani da ita don taimaka wa hoton mamogaram idan bai fito sarai ba. A 2006 kwamitin masana na hukumar ya ƙi amincewa da wani sabon samfurinta don gwada mata masu shekara 30 zuwa 39, domin hujjar ba ta isa ba. Tana iya tsallake ciwon da yake nan, tana kuma iya tsorata mai lafiya.

Saboda haka, in wani ya zo kasuwa ko harabar majami'a da na'ura yana karɓar kuɗi, yana cewa "ba ki da komai", kada ki dogara ga maganarsa. Abin da ke tabbatar da ciwon shi ne likita ya duba, a ɗauki hoto, a ciri ɗan nama a auna.

Uwa, ki riƙa duba nononki kowane wata. In kin ji ƙullutu a nono ko hamata, ko kan nono ya shige ciki, ko jini yana fita, je asibiti nan da nan. Yawancin ƙullutu ba daji ba ne, kuma wanda aka gano da wuri yakan warku.

Maigida, ka raka matarka, ka nemi kuɗin mota. Shugabannin zumuntar mata, ku tattauna wannan a taronku. Mu yi addu'a, mu kuma je asibiti. Ubangiji ya kiyaye mu.