Ina ƙarfin igiyar teku yake tafiya idan ta iso gaɓa?

Mutumin Yalwan Damai ko Gwaram bai rasa sanin yadda kogi ke cin gaɓarsa da damina ba. Mazauna Legas kuwa, ciki har da dubban Hausawa da ke fatauci a can, da teku suke fama, kuma dalilin ɓarnar kusan ɗaya ne: ruwa mai ƙarfi da bai sami inda zai sauke ƙarfinsa ba.

Iska ce ke haifar da igiyar ruwa. Yawancin manyan igiyoyin da ke dukan gaɓar Najeriya suna tasowa ne daga guguwar da ake yi a kudancin tekun Atlantika, su yi tafiyar dubban kilomitoci ba tare da sun yi asarar ƙarfi mai yawa ba. Abin da ke tafiya shi ne ƙarfin, domin ruwan kansa yana juyawa ne kawai a inda yake.

Lamarin yana sauyawa da zarar igiyar ta shigo wuri marar zurfi. Gudunta yana raguwa, sai ta tattaru ta ƙara tsawo. Idan tsawonta ya kai kusan kashi 80 cikin ɗari na zurfin ruwan, sai kanta ya rinjayi gindinta, ta kife ta fashe.

A nan ne ƙarfin yake ƙarewa. Mafi yawansa yana shiga cikin hargitsewar ruwa da kumfa, daga bisani ya zama ɗan ɗumi da jiki ba ya ji. Wani kaso yana tafiya wajen tura yashi da tsakuwa, kaɗan kuma ya zama rugugin da ake ji. Masana kimiyya sun nuna cewa idan tsawon igiya ya ninka biyu, ƙarfinta yana ninka huɗu, shi ya sa dare ɗaya na hadari kan yi ɓarnar da watanni ba su yi ba.

Saboda haka gaɓa mai faɗin yashi da gangare a hankali garkuwa ce, domin igiya tana fashewa tun daga nesa, ta iso a gajiye.

Legas ta ga abin da ke biyo bayan rasa wannan garkuwa. Daga shekarar 1908 Turawan mulkin mallaka suka soma gina katangun duwatsu a mashigar tashar jiragen ruwa. Katangun sun tare yashin da teku ke turowa daga yamma zuwa gabas, sai gaɓar Bar Beach ta yi ta zaizayewa, har ruwa ya riƙa malalowa kan titin Ahmadu Bello da ke tsibirin Victoria.

Maganin da aka yi a aikin Eko Atlantic shi ne gina katangar da aka tsara tsawonta zai wuce kilomita 8, aka lulluɓe ta da curin kankare masu nauyin tan 5 kowanne. Ba a yi ta sumul ba, da gangan. Bango mai santsi yana mayar da igiya baya da ƙarfinta, ta kwashe yashin gindinsa, amma ramukan da ke tsakanin curin suna shanye ƙarfin. Aikin da itatuwan bakin teku ke yi ke nan a yankin Neja Delta.

Wannan ƙa'ida ba ta teku kaɗai ba ce. Ita ce ta sa ake jera duwatsu a jikin madatsun ruwa da gindin gadoji. Duk garin da ya bari aka kwashe yashin koginsa, ko aka sare itatuwan gaɓa, to gonakinsa da gidajensa ne za su karɓi dukan.