MAN ZAFI NA GIDA: YADDA AKE HAƊA SHI, DA INDA ƘARFINSA YA TSAYA

Duk wanda ya baro Arewa ya gangaro Kurmi neman halaliyarsa ya san babban jarin da ya zo da shi, watau ƙarfin jikinsa. Ɗan dako a kasuwar Mile 12 ta Ikko, da mahauci a mayankar Oko-Oba ta Agege, da mai sauke buhunan wake a Bodija ta Badun, da ɗan garuwa a Fatakwal, dukkansu da kafaɗa da baya da gwiwa suke cin abinci. Ranar da gwiwa ta ƙi, to, ranar babu na tuwo, balle abin aikawa gida.

Saboda haka da yawa daga cikin 'yan'uwanmu, in dare ya yi jiki ya ɗau tsami, sai su nufi mai tallan magani su ce a ba su haɗi. A zubo musu ƙwayoyi huɗu ko biyar a tafin hannu, ba suna, ba takarda, su kora da ruwa. Sau da yawa a ciki akwai diklofenak ko ibufurofen, waɗanda in an daɗe ana shansu kullum sukan jawo gyambon ciki su kuma raunana ƙoda. Wani lokaci har da tiramol, wadda kan kama mutum ya kasa fita aiki sai da ita. Alhali kuwa ciwon gajiya na yau da kullum, akasarinsa hutu da tausa da man shafawa sun ishe shi, kuma man nan mutum na iya haɗa abinsa a ɗaki da kayan da ya sani.

KAYAN HAƊI

Uwar haɗin ita ce man kaɗanya, wanda Yarbawa ke kira ori, kuma ba kasuwar da za ka shiga a ƙasar Yarbawa ka rasa shi. Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen samar da ƙwarar kaɗanya, musamman jihohin Neja da Kwara da Kebbi da arewacin Oyo wajen Saki. Amfaninsa shi ne yana narkewa da ɗumin jiki, sai hannu ya riƙa sulɓi a kan fata lokacin tausa. Nemi ɗanye mai warin nan nasa, wanda ba a gauraya shi da komai ba.

Ga ma'auni, da gwangwanin madara na ruwa da cokali:

Man kaɗanya, gwangwani 1. Man alayyadi ko na kwakwa ko na gyaɗa, rabin gwangwani. Garin busasshiyar citta, babban cokali 2. Garin jan barkono, cokalin shayi 1. Dakakken kanumfari, cokalin shayi 1. Kakin zuma da aka kankare, babban cokali 2.

A lura, kowane kayan yaji sai busasshe. Ɗanyar citta ruwa gare ta, ruwa kuwa in ya shiga mai, da irin laimar ƙasar nan ta Kudu, ba a jimawa sai ka ga ya yi funfuna. Busasshiyar cittar Kachia da Jaba ta kudancin Kaduna ita ce aka fi yabo, ko da yake cutar da ta afka wa gonakinta a shekarar 2023 ta sa kuɗinta ya hau ƙwarai.

YADDA AKE DAFAWA

Kada a ɗora mai kai tsaye bisa wuta, don zai ƙone kayan, ya kuma tashi hayaƙin barkono da zai kori mutanen gida. A zuba ruwa kaɗan a babbar tukunya, a sa ƙaramin kwano na ƙarfe a cikinta, yadda zafin ruwan ne kaɗai zai taɓa kwanon. A narkar da man kaɗanya da ɗaya man a kwanon, sa'an nan a zuba citta da barkono da kanumfari. A rage wuta sosai, a bar shi awa ɗaya ana juyawa jifa-jifa, ana ƙara ruwa a babbar tukunya in ya ja baya, amma ko ɗigo kada ya faɗa cikin man.

Daga nan a tace da ƙyalle mai tsabta wanda ya bushe, a zubar da tuƙar. A mai da man cikin kwanon, a zuba kakin zuma har ya narke. Kakin nan ba ya narkewa sai zafi ya haura digiri 60, don haka shi ke hana man tsinkewa a ɗakin kwano da tsakar rana. A ɗiga kaɗan a bayan cokali mai sanyi a gani: in ya yi ruwa-ruwa a ƙara kaki, in ya yi tauri da yawa a ƙara mai. A juye a kwalba busasshiya mai murfi, a bari ya daskare kafin a rufe. In an ajiye shi a inuwa yakan kai wata 6. Da zarar ƙamshinsa ya juya ya yi ɗoyi, a zubar.

ME YA SA YAKE AIKI?

A cikin barkono akwai wani sinadari da ake kira kafsaisin. Shi ke taɓa jijiyoyin fata masu sanar da ƙwaƙwalwa zafi, in kuwa ana maimaita shafawa sai jijiyoyin su gaji, saƙon ciwo ya ragu. Wani masani a Amurka, David Julius, da barkono ya yi aikin da ya gano wannan ƙofa ta jin zafi a 1997, aka kuma ba shi lambar yabo ta Nobel a 2021. Likitoci ma suna rubuta wa masu amosanin gaɓɓai man kafsaisin, a shafa sau 3 ko 4 a yini, kuma akan yi mako 2 zuwa 4 kafin a ga cikakken amfaninsa. Citta da kanumfari suna ƙara ɗumi, sauran aikin kuwa na tafin hannun mai tausa ne.

Amma fa a sani, man nan lallashin ciwo yake yi. Ba ya mai da gurunguntsin gwiwa da ya cinye, ba ya ɗora ƙashi.

SHARUƊƊAN SHAFAWA

Fara gwada ɗan kaɗan a cikin damtse, ka jira kwana ɗaya. In wurin ya yi ƙuraje ko bororo, man bai karɓe ka ba. In lafiya lau, ɗibi kamar ƙwayar gyaɗa biyu ka murza a wurin minti 5. Wanke hannu da sabulu nan take, tun ba ma kafin alwala ba, don wanda ya kai barkono ido ko hanci ba ya bukatar a ba shi labari. Mafi dacewa a shafa bayan sallar isha'i, lokacin da jiki zai kwanta.

Kada a shafa a kan rauni ko ƙuna ko fuska ko al'aura. Kada a shafa da fitowa wanka da ruwan zafi, kada a ɗaure wurin tamau, kada a bi shi da gashi, don fata na iya salewa. Ba na ƙananan yara ba ne. Mai ciwon sukari da ƙafarsa ta daina jin taɓi ya nisance shi. Masu ƙara kananzir ko man birki ko dakakkun ƙwayoyi wai don ya fi ratsa jiki, guba suke shafa wa kansu. Sabon targaɗe kuma, kwana biyun farko ruwan sanyi ko ƙanƙara a ƙyalle yake so, da hutu. Zafi da murza ƙara masa kumburi suke yi.

INDA ZA A AJIYE KWALBA A NEMI LIKITA

Akwai ciwon da jinkiri a kansa kan jawo nakasa ko rasa rai. Gaɓar da ta kumbura ta yi zafi, ga zazzaɓi. Ƙafar da ba ta takuwa bayan faɗuwa. Sha-raɓa guda da ta kumbura tana zogi, wannan kada ma a tausa ta, don mai yiwuwa jini ne ya daskare a jijiya. Ciwon baya mai sa ƙafafu mutuwa ko fitsari ya ƙwace. Ciwon baya tare da rama da gumin dare, domin tarin fuka yakan kama ƙashin baya. Ciwon ƙirji mai sauka kafaɗa ko hannu. Haka ciwon ƙashi na mai sikila, da duk ciwon da ya wuce mako 2 yana ƙaruwa.

Kada baƙunta ko rashin jin Yarbanci ko Turanci ya hana ka zuwa. Nemi ɗan'uwa a zango ya raka ka asibitin gwamnati mafi kusa. Akwai kuma asibitin ƙashi na tarayya a Igbobi cikin Ikko, akwai wani a Inugu, irin na Dala da muka sani a Kano.

Jama'a, lafiya uwar jiki. Buhun da ya fi ƙarfinka kira na biyu ku kama, ka durƙusa da gwiwa in za ka ɗaga, kada ka sunkuya da baya. Iyali na can gida suna jiran saƙo, amma sun fi jiran mai saƙon ya komo da ƙafafunsa. Allah Ya ba mu lafiya da abin da lafiya za ta ci.