Pollyanna: Sunan Marainiyar da Ya Koma Habaici a Turanci

Idan Ba'amurke ya kira abokin muhawararsa Pollyanna, ba yabonsa yake yi ba. Nufinsa, mutumin ya cika kyakkyawan zato har ya kai ga rufe ido daga gaskiya: ga wuta na cin danga, shi kuwa yana murnar an samu haske.

Asalin kalmar sunan wata yarinya ce a littafin ƙagaggen labari da Eleanor H. Porter ta wallafa a Amurka a 1913. Marainiya ce da ta koma hannun 'yar'uwar mahaifiyarta, mace mai tsauri, a jihar Vermont. Kafin ya rasu, mahaifinta, wanda limamin coci ne talaka, ya koya mata wani wasa na neman abin farin ciki a kowane hali. Ranar da ta sa ran samun 'yar tsana cikin kayan sadaka, sai aka ciro sandunan guragu. Ya ce mata ta yi murna, tunda ba ta buƙatar su.

Littafin ya yi kasuwa sosai. An yi fim ɗinsa a 1920, kamfanin Disney ya sake yin wani a 1960, har mutum-mutumin yarinyar aka kafa a Littleton, mahaifar marubuciyar. Amma a bakin jama'a sunan ya zama gori. A yau akan ci karo da shi a sharhin siyasa da tattalin arziki, inda ake jifan ministan da ke cewa komai lafiya alhali farashi na hauhawa. Masana halayyar ɗan'adam ma sun ara: a 1978 Margaret Matlin da David Stang suka laƙaba shi ga ɗabi'ar mutane ta fin tuna daɗi a kan wuya.

Sai dai gorin bai yi wa yarinyar adalci ba. Ta san talauci da maraici, kuma da mota ta buge ta ƙafafunta suka daina aiki, wasan ya gagare ta, sai da mutanen garin da ta taɓa faranta wa rai suka zo suna ƙarfafa mata gwiwa. Fata nagari lamiri ne, in ji Hausawa. Wanda ya cancanci habaicin shi ne mai musun matsalar da ke gabansa, musamman idan wasu ne za su ɗanɗana kuɗar musun nasa.