Ciyawar Da Ta Gagari Feshi A Gonakin Alkamar Ostiraliya

A yammacin Ostiraliya, inda gonakin alkama suka miƙe iya ganin ido, akwai wata ciyawa da ta hana manoma sakat. Masana na kiranta Raphanus raphanistrum. 'Yar dangin kabeji da mustad ce, asalinta kuwa ƙasashen gaɓar Bahar Rum.

Gane ta ba wuya. Ganyenta na ƙasa yana da tsaga-tsaga da gashi mai kaushi, saiwarta doguwa ce mai nutsawa neman laima. Furenta fari ne ko rawaya, ɓangarori huɗu a gicciye, da jijiyoyi masu duhu. Babbar alamarta ita ce kwanso mai gaɓa-gaɓa kamar carbi, kowace gaɓa da ƙwaya guda.

Tana riga alkama girma, ta shanye ruwa da taki, amma ɓarnar da ta fi muni a kwanson nan take. Idan injin girbi ya bi ta kansa, sai kwanson ya kakkarye gunduwa-gunduwa, kusan girman ƙwayar alkama, ya bi hatsi cikin rumbu. In ɗanye ne ma, yana fitar da wani sinadari da ke hana irin da aka adana tsirowa. Sauran kuma injin ya watso shi gona tare da ƙaiƙayi, ya kwanta a ƙasa shekaru, yana tsirowa kashi-kashi.

Manoma sun daɗe suna dogaro da feshi. Tun daga shekarun 1990 aka fara samun wadda magani ba ya kashewa, har ta kai ga jure wa magunguna irin su atrazine da 2,4-D da glyphosate. Dalili kuwa, duk wadda ta tsira daga feshi ita ke yin iri, ƙudan zuma kuma su kai garin furenta ga 'yan uwanta, juriyar ta yaɗu.

Wani manomi na garin Darkan, Ray Harrington, shi ya kawo wata dabara: injin da ke niƙe ƙaiƙayi lokacin girbi, ya murƙushe irin ciyawa kafin ya taɓa ƙasa. Masu bincike na Jami'ar Yammacin Ostiraliya sun gwada shi, suka ga yana lalata fiye da kashi 90 cikin 100 na irin da ya shiga cikinsa.

Duk manomin da ke fesa magani iri ɗaya kowace shekara, da hannunsa yake renon ciyawar da za ta gagare shi. A tantance iri kafin shuka, a riƙa sauya amfanin gona da magani, a kuma tuge baƙuwar ciyawa tun ba ta yi kwanso ba.